Noman dankali a buhu a Dutse: na yi asara, na ci riba, ga abin da na gane 🧵

1/
Kwana biyun nan sai yawo ake da bidiyon noman dankalin turawa a buhu, wai kowa ya shuka a tsakar gida ya huta da tsadar kasuwa. Ni na gwada a nan Dutse har sau biyu. Na farko na sha ƙasa, na biyu na ci. Ku ba ni minti goma kafin ku sayi buhu. Zare ne.

2/
Ga matsayata tun yanzu, don kada wani ya gaji a hanya: noman buhu abu ne mai kyau, ina so matasanmu su yi shi. Amma duk wanda ya ce maka zai ciyar da gidanku ko ya sa ka yi kuɗi, yaudararka yake yi. Kuma in ka bi kalandar mai bidiyo ka bar ta garinku, kuɗinka ka zubar.

3/
Azumin bara ya faɗo a Maris. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Dutse, mu uku muke haya a ɗaki ɗaya a wajen makaranta. Kun dai san daɗin buɗa-baki da soyayyen dankali da ƙwai. Na je kasuwa na ji kuɗin ɗan kashi guda, na ajiye musu abinsu na dawo da ƙosai.

4/
Daren nan ina latsa waya sai ga wani Bature a lambunsa, ya kifar da bokiti, dankali na ta gangarowa kamar an buɗe rumbu. Na kalla ya fi sau biyar. Na ce ashe wahalar banza muke sha. Washegari na zare kuɗin abincina na kusan mako biyu na faɗa harka.

5/
Na sayi baƙaƙen robobi shida na huda gindinsu. Na sayi takin zamani. Na sayi dankali a kasuwa na yayyanka na binne. Na jera su a kan simintin tsakar gida, daidai inda rana ta fi bugawa, don Baturen ya ce dankali na son rana. Safe da yamma ina sayen ruwa wajen 'yan ga-ruwa.

6/
Baba mai gidanmu tsohon manomi ne. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ɗana, me ka shuka?" Na ce, "Dankalin turawa ne, Baba." Ya dubi sama, ya dubi robobin, ya ce, "A bazarar nan? To, Allah ya ba da sa'a." Ya wuce masallaci. A raina na ce tsoho bai san ilimin zamani ba.

7/
Robobi biyu suka ruɓe tun ba su tsiro ba. Huɗu suka fito da ganye shar, ina ta ɗora hotuna a WhatsApp. Da ganyen ya bushe na tara abokan ɗaki na kifar da robar farko. Wallahi abin da ya fito bai wuce ƙwallon dabino ba. Har yau Sarkin Noma suke kirana 😂

8/
Dariya dai an yi, amma mako biyun nan garin kwaki na sha. Sai da kunya ta sake ni na je na tambayi 'yan tsangayar aikin gona, na kuma zauna na yi karatu. Ashe ba hannuna ne ba shi da albarka ba. Lokacin ne ba nasa ba.

9/
Asalin dankalin turawa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, yankin Peru da Boliviya, wuri mai sanyi. Ganyensa na iya girma a zafi. Amma 'ya'yan da ke ƙarƙashin ƙasa sun fi ƙulluwa idan zafin ƙasar na tsakanin digiri 15 zuwa 20. Da ta doshi 30, sai ya kusa daina ƙullawa gaba ɗaya.

10/
Shi ya sa mafi yawan dankalin da muke ci daga Filato yake zuwa: Bokkos, Mangu, Barikin Ladi. Tudun Jos ya haura mita 1,200 daga matakin teku, Dutse ba ta kai 500 ba. Hatta cibiyar binciken rogo, doya da dankali ta ƙasa da ke Umudike, a Kuru kusa da Jos ta ajiye sashenta na dankalin turawa.

11/
Yanzu ku auna Afrilun Dutse. Rana ta kai digiri 40, duwatsun garin su sha zafi yini guda su yi ta sakin shi cikin dare. Sannan ga baƙar roba a kan siminti, rana na dukanta ta ko'ina. Ƙasar cikin roba ta fi ta gona saurin ɗaukar zafi. Ni dafa dankalin nake yi a hankali ina kiran abin noma.

12/
Baturen nan fa bai yi ƙarya ba. A Ingila Maris da Afrilu ne lokacin shuka, sanyi ya fara sauka, ƙasa tana da danshi. Maris ɗinsa da nawa suna kawai suka haɗa. Ni ne na kwafi aikin gidan wani ban duba ko tambayarmu ɗaya ba.

13/
A nan nake da magana da masu shafuka. Ku ɗauko bidiyon wata ƙasa, ku ɗora masa muryar Hausa, ku rubuta "ka yi bankwana da sayen dankali", ba wata, ba gari, ba gargaɗi. Ku kun samu mabiya. Wata baiwar Allah a Kiyawa ko Jahun ta zuba kuɗin adashenta a robobi a tsakiyar bazara. Wa zai biya ta?

14/
Wani zai ce ke nan a haƙura, ba na ƙasarmu ba ne. A'a. A Nijar, manoman Bonkuku a jihar Tilaberi sun yi suna da dankalin turawa, haka lambunan duwatsun Azbin a yankin Agadas. Bonkuku ba Jos ba ce, gari ne mai zafi irin namu. Sirrin kawai: a lokacin sanyi suke nomansa da ban-ruwa.

15/
Mu ma muna da wannan tagar: hunturu. Daga tsakiyar Nuwamba zuwa Fabrairu dare na yin sanyi sosai a Jigawa, lokacin da 'yan Haɗeja ke noman alkama. Dankali na buƙatar kwana 90 zuwa 110. In ka shuka a farkon Nuwamba zuwa tsakiyarsa, za ka kwashe kafin zafin Maris ya sauko. Ka makara zuwa Janairu, ka koma irin labarina.

16/
Nuwambar bara na sake. Wannan karon sai da na durƙusa na gaida Baba na gaya masa. Ya ce, "Yauwa ɗana, yanzu ka zo da magana." Ya sa aka ɗebo mini tsohon kashin awaki daga turken bayan gida, wanda ya shekara ya zama kamar ƙasa. Ya ce sabo ƙone shuka yake yi.

17/
Ga yadda na yi, ku ajiye wannan:
Buhu: farin buhun shinkafa mai cin kilo 50. Fari ba ya jan zafi kamar baƙi, kuma yana numfashi. Na nannaɗe bakinsa ƙasa zuwa rabi, na huda gindin wuri biyar ko shida. Kada ka yi amfani da jarka ko durom ɗin da aka taɓa zuba maganin feshi ko baƙin mai.

18/
Ƙasa: kashi biyu ƙasar gona, kashi ɗaya tsohon taki, kashi ɗaya buntun shinkafa. Ƙasarmu ta jigawa mai rairayi ce, dankali na son ta don ba ta matse shi, amma ba ta riƙe ruwa da abinci, taki ne ke cike wannan giɓin. Ka guji zallar laka, tana daskarewa ta ruɓar da iri.

19/
Iri: nan ne wuyar aikin. Dankalin da aka haƙo kwanan nan barci yake yi, sai ya yi makonni kafin ya tsiro. Ka nemi ƙanana masu girman ƙwai da suka fara fitar da tsiro a idanunsu. Ka baza su a inuwa mai haske har tsiron ya yi gajere mai kauri. Kada ka yanka in ba dole ba. Yankakke ya fi saurin ruɓewa.

20/
In ka yanka, kowane yanki ya kasance da ido biyu, ka shafa toka, ka bar shi ya sha iska kwana biyu. Ka kuma sani, dankalin kasuwa na iya zuwa da cuta daga gonar da ya fito. In kana da wanda zai kawo maka iri na gaske daga Jos, irin su Nikola ko Marabel, ka fi kowa sa'a.

21/
Shuka: ƙasa kamar taƙi guda a gindin buhu, iri biyu ko uku, tsiro na kallon sama, ka rufe da ƙasa kaurin yatsu huɗu. Kada kwaɗayi ya sa ka zuba shida, cunkoso ƙanana yake haifarwa. Ka ɗora buhun a kan duwatsu ko katako, kada ya zauna a siminti. Ranar safe zuwa azahar ta ishe shi.

22/
Cikin mako biyu zuwa uku zai fito. In ya kai taƙi guda, ka warware bakin buhu kaɗan ka ƙara ƙasa, ka bar kan ganyen a waje. Ka maimaita sau ɗaya ko biyu. Huɗa ce dai irin ta gona. Amfaninta rufe 'ya'yan daga rana. Labarin cewa zai yi ta haihuwa hawa-hawa har bakin buhu, ban gan shi ba. A ƙasa-ƙasa suke taruwa.

23/
Ruwa: ka tura yatsa cikin ƙasa, in ka ji danshi ka bari, in ya bushe ka zuba. Iskar hunturu na busar da buhu da sauri. Ni bokiti na ajiye muna tara ruwan alwala da na wanke shinkafa, shi ya rage mini kuɗin ga-ruwa. Banda ruwan omo da na wanki. Kuma kada ka bar ruwa ya kwanta, sauro ka gayyato.

24/
Abin da ɗalibi ke mantawa: hutu. Dankali bai san an rufe makaranta ba. Da na tafi gida a ƙarshen Disamba, Baba ne ya riƙa ba su ruwa, ya kuma kewaye su da ƙaya saboda akuyar maƙwabta. Kafin ka shuka ka san wa zai tsaya maka, ka kuma nemi izinin mai gida.

25/
A Fabrairu ganye ya yi rawaya ya kwanta. Na daina ban-ruwa, na jira kwana goma don fatar ta yi ƙwari. Buhu takwas na shuka, biyu suka mutu. Shidan da suka rage na kai shagon unguwa aka ɗora a sikeli: kilo biyar da ɗan wani abu. Ba buhu-buhu ba. Kilo biyar.

26/
Na ɗebi kason Baba na kai masa. Ya juya ɗaya a hannu ya ce, "Ka ga na ƙwarai." Sauran muka soya mu uku, ya yi mana kwana huɗu. Wata uku na ban-ruwa, kwana huɗu na ci. Na faɗi wannan ne don masu cewa tsakar gida za ta maye kasuwa su yi lissafi da kyau.

27/
Gargaɗi, wannan ba wasa ba ne: dankalin turawan da rana ta taɓa ya yi kore yana da guba, haka tsironsa da ganyensa da ƙananan 'ya'yan da kan fito a sama kamar tumatir. Kada a ci, kada a ba yara ko dabba. In koren kaɗan ne a fere shi da kauri, in ya yi yawa a zubar.

28/
To sauran watannin fa? Nan ne na fi jin haushin kaina. Ina ta bin na turawa, na manta da namu. Dankalin Hausa zafi yake so, rairayi yake so, damina ce lokacinsa. Ba sai ka sayi iri mai tsada ba. Reshen yaɗonsa kake yankowa, kamar kamu ɗaya, ka binne gaɓa biyu ko uku, shi ke nan.

29/
A ƙarshen Yunin bana na sa reshe bibbiyu a buhu biyar. Ruwan sama ya yi mini rabin aiki. Makon jiya na zazzage, kuma ko ba sikeli ya ninka na turawa. Abu biyu na kiyaye: ban cika taki ba don kada ya tafi a ganye, kuma duk inda ƙasa ta tsage na rufe, don ta nan ƙwaro ke shiga ya ɗaɗɗaci dankalin.

30/
Shi kuma ganyensa ana ci. A Saliyo da Laberiya da Gini miya ce ta yau da kullum. Mun yi kwaɗonsa da ƙuli, ba wanda ya bar saura. Ku dai riƙe bambancin: ganyen na Hausa abinci, ganyen na turawa guba.

31/
In ka samu mai jan ciki, ruwan lemo, ka riƙe shi da kyau. Yana da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, mai taimakon ido da garkuwar jikin yara. A 2016 masana uku, Maria Andrade da Robert Mwanga da Jan Low, sun samu kyautar abinci ta duniya a kan aikin yaɗa shi a Afirka. Ga gidan da ke da ƙananan yara, buhu biyar nasa ba abin rainawa ba ne.

32/
Yanzu bari in amsa masu suka. Na ɗaya: "Malam, je ka saya kawai." In ka sayi buhu, ƙasa, taki da ruwa duka, gaskiyarka, saye ya fi araha. Ribar tana fitowa ne in buhun tsoho ne, takin na turke ne, ruwan na alwala ne. Noman buhu na mai tattali ne. Mai sayen komai ado yake yi.

33/
Na biyu, kuma ya fi nauyi: "Ana so a ɗora wa talaka aikin gwamnati." Ina tare da ku rabin hanya. Tun 1976 gwamnatin Obasanjo ta kawo shirin ciyar da ƙasa, aka ce kowa ya yi lambu a bayan gida, har ɗalibai aka tura gonaki lokacin hutu. Yau kusan shekara hamsin muna kan maganar tsadar abinci.

34/
Kuɗin dankali a kasuwar Dutse akwai kuɗin mota daga Filato a ciki, wanda ya tashi tun cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023. Akwai rikicin da ya sha raba manoman Bokkos da Mangu da gonakinsu. Akwai cutar da ke ƙone ganye a damina, akwai rashin wurin ajiya. Buhuna takwas ba su taɓa ko ɗaya daga ciki ba.

35/
Don haka duk mai mulkin da ya nuna maka buhu a matsayin amsar yunwa, ka tambaye shi hanya, tsaro, iri da ban-ruwa. Amma neman haƙƙi bai hana ka shuka ba. Ina iya ban-ruwa da safe in yi ƙorafi da rana. Ban ga inda suka ci karo ba.

36/
Na uku: "Ɗan jami'a da wasa da ƙasa?" Wannan ne ya fi ba ni tausayi. Yawancinmu a jihar nan kuɗin gero da riɗi da shinkafa ne ya kawo mu aji. Amma ga ni, jikan manoma, ban san watan shuka ba sai da na yi asara. Abin da Baba ya gani da kallo ɗaya, ni sai da na biya kuɗin mako biyu.

37/
Wannan ce ribar da na fi ƙirgawa. Yanzu in na ga dankali a faranti na san wata uku ne na wani. Na daina yi wa mai kayan gwari tayin wulaƙanci. Na san me ake nufi da iri mai kyau, na san ruwa kuɗi ne. Kilo biyar ya ƙare a kwana huɗu, wannan kuwa yana nan.

38/
Kuma ku tuna da 'yan'uwanmu mata. Da yawa ba su da gona, wasu ba sa fita, amma tsakar gida a hannunsu take. Ƙanwata ta karɓi reshe a wajena, yanzu buhunta ya fi nawa kyau, ta ƙara da alayyahu da tattasai. Gare ta buhu ne gonar farko da ta taɓa cewa tata ce.

39/
Roƙona ga tsangayar aikin gona ta makarantarmu da hukumar JARDA: abin da ya fi ba mai farawa wuya shi ne iri. A tanadi irin dankalin turawa mai tsiro a Oktoba, da reshen mai jan ciki a Yuni, a sayar ƙanana-ƙanana daidai aljihun ɗalibi da matar gida. A haɗa da takarda shafi ɗaya da Hausa mai nuna watanni.

40/
Kalandar Dutse a taƙaice:
Oktoba: nemi iri, haɗa ƙasa.
Nuwamba: shuka na turawa.
Fabrairu: kwashe.
Maris zuwa Mayu: bar buhu ya huta, sauya ƙasa.
Yuni zuwa Yuli: dasa na Hausa.
Oktoba: zazzage.
Kada ka maimaita na turawa a tsohuwar ƙasarsa, cuta na kwana a ciki.

41/
Muna Oktoba yanzu, lokaci bai ƙure ba. Ka fara da buhu uku, ba talatin ba. Kafin ka sayi komai, ka samu tsoho ɗaya a unguwarku da ya taɓa riƙe fartanya ka gaishe shi ka tambaya. Bidiyo ba ya duba sama ya ce maka "a bazarar nan?"

42/
In ka taɓa gwadawa a Dutse, Birnin Kudu, Gwaram, Ringim ko ko'ina, ka ajiye mana hoto a ƙasa tare da watan da ka shuka. Har wanda ya lalace muna so, shi ya fi koyarwa. Ni zan fara ɗora na ƙwallayen dabinona. A tura wa wanda kuka ga yana shirin sayen baƙar roba. Allah ya sa mu dace, ya yi wa nema albarka 🤲